Yadda Bakin Tanki Ya Yi wa Tsinke Kaɗan

Yayana sana'arsa wankin tankin ruwa, irin manyan nan na ƙarfe da ake ɗorawa a saman benaye. Shekara ashirin da shida ya yi a kanta, ni kuma sha tara ina binsa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma duk wanda ya gan mu tare sai ya tambaya sau biyu. Shi dogo ne siriri, tun yana yaro ake ce masa Tsinke. Ni kuwa Randa ake ce mini, kuma ba zan ɓata wa kowa lokaci da bayanin dalili ba.

Aikin ba shi da wani sirri. A rufe famfon da ke kawo ruwa, a zubar da wanda ya rage, mutum ɗaya ya shiga ya kankare laka da gansakuka da tsatsa. Ɗayan kuma ya tsaya a sama riƙe da igiyar da aka ɗaura wa na cikin a ƙugu, yana karɓar bokiti yana miƙa wani. Ni ne na sama. Wahalar duk tana bakin tankin. Sababbi na roba bakinsu da faɗi, kowa ma ya shiga. Amma tsofaffin na ƙarfe, waɗanda aka ɗora tun kafin a haife mu, faɗin bakinsu inci goma sha huɗu ne, ban san wane marowaci ya tsara su ba. A duk masu wannan sana'a da na sani, Yaya kaɗai ke iya shiga. Zai zura ƙafafu, ya saki numfashi, ya ɗaga hannu ɗaya sama, ya karkata kafaɗa, sai ka ji muryarsa daga ciki yana cewa in miƙo fitila. Da wannan ya yi aure, da shi ya sa 'ya'ya huɗu a makaranta. Masu kula da tsofaffin benaye lambarsa kaɗai suke ajiyewa, domin in ba shi sai dai a kira mai walda ya yanka tankin.

Don haka yake tattalin jikinsa yadda direba ke tattalin mota. Ba ya shan sukari a shayi, ba ya cin soye-soye. Da rana 'yar shinkafa da ganye da kifi, da yamma ɗan wake ko dafaffen ƙwai biyu, ya sha ruwa ya tashi. Kullum da sassafe sai ya zagaya filin makarantar bayan gidansa sau goma kafin in iso. Ni da nake cin rabona in haɗa da abin da ya bari, ba irin tsiyar da bai yi mini ba. Yakan ce ranar da na faɗa tanki ba sai an sake cika shi ba.

Yana da shekara arba'in da takwas gwiwoyinsa suka fara kuka. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya ƙare rayuwarsa a kan tsani, kuma yake durƙusawa a ƙarfe mai sanyi awa biyu yana kankara. Akwai ranar da ya tsaya a hawa na uku ya dafa bango, ya ce in ba shi minti biyar. Ban taɓa jin ya roƙi minti ko ɗaya ba kafin ranar.

To ni na taɓa yin ciwon baya, mai kemis na layinmu ya ƙulla mini wasu ƙananan ƙwayoyi farare a leda, kwana biyu na miƙe garau. Na je na karɓo wa Yaya irinsu. Ya haɗiyi biyu da safe, da rana ya haye bene hawa biyar ya bar ni a baya ina haki. Har tarin da sinadarin wanki ke sa shi ya ɗauke. Daga ranar ya zama duk mako in biya in karɓo, ledar tana zaune a aljihun jakar kayan aiki tare da ashana da salatif. 'Yan farare muke ce musu. Kafin mu hau bene ya haɗiyi biyu, ya kora da ruwa, mu kama aiki.

Matarsa ce ta fara lura, da yake tela ce, kuma ita ke ɗinka masa komai tun da suka yi aure. Ta ce wandonsa ya fara matse shi. Ta ɗauko tef ta zagaya ƙugunsa, ta duba, ta sake zagayawa.

"Baban yara, inci talatin na sani shekara da shekaru. Yau ga talatin da uku."

"Tef ɗinki ne ya motse," in ji shi.

"Tef ba ya motsewa, mutum ke buɗewa."

Muka yi dariya aka wuce. Bayan wata huɗu ya zama talatin da shida. Fuskarsa ta cika ta yi zagaye, wani tudu ya fito masa a bayan wuya, ciki ya turo gaba. Hannaye da ƙafafu kuwa suna nan sirara yadda suke, har ma sun ƙara. Mutanen layi suka shiga yi masa barka. Mai shayi ya ce hutu ya fara nunawa, mai wankin mota ya ce a riƙa tunawa da su in an samu. Shi dai sai ya yi yaƙe ya wuce, domin ya san abin da kowane inci yake nufi.

Sai ya ɗaura yaƙi da cikin nan, ba ji ba gani. Zagayen fili ya koma sau ashirin. Ya daina hawa mota zuwa aiki, duk nisan wuri a ƙafa za mu je, ni ina biye da shi da bokitai ina tsine wa ranar a zuciyata. Ya yanke shinkafa, ya yanke burodi. Wani ya ce masa ruwan ɗumi da lemon tsami, ya sha har haƙoransa suka mutu. Ya samo tsohuwar taya ya ɗaura wa igiya yana ja a filin, yaran makaranta suna leƙe ta taga. Yawan gudun nan kuma sai ya ƙara tayar da gwiwoyin, don haka 'yan farare suka koma uku da safe, biyu da yamma, don ya samu ya yi gudun gobe. Ni ke karɓowa, har mai kemis ya daina tambayata abin da na zo nema.

Wata rana muna zaune a kan rufin wani bene, ina cin abincina yana tauna kokwamba, ya ce da ni, "Randa, yunwa nake ji irin wadda ban taɓa ji ba. Ko yanzu na ci, kamar ban ci ba. Amma wallahi ba na ƙarawa."

Na ce, "To ina ƙibar take fitowa? Iska kake sha?"

Ya nannaɗe sauran kokwambar ya mayar jaka.

Matarsa ta matsa muka je ƙaramin asibitin unguwa, ni na raka shi. Ma'aikaciyar ta ɗora shi a sikeli, ta auna jini ta ce ya ɗan hau. Ta tambaye shi abin da yake ci, ya lissafa mata, ta dube shi ta saman tabarau irin kallon da ake yi wa yaron da ya ce ba shi ya sha madarar ba. Sannan ta ce, "Kana shan wani magani?"

Ya ce, "A'a, ni lafiyata ƙalau."

Ina zaune a gefensa, jakar tana kan cinyata, ban ce uffan ba. Kuma ba ɓoyewa muka yi ba. A wurinmu mai shan magani shi ne wanda ke kwance, wanda likita ya rubuta wa takarda. 'Yan farare kuwa kayan aiki ne, tare da igiya muke lissafa su. Ma'aikaciyar ta ba shi takardar da aka zana abinci a jiki, ta ce ya rage maiƙo, ya riƙa motsa jiki. Mutumin da ke jan taya kullum safiya aka ce wa ya riƙa motsa jiki. A hanya ya ninke takardar ya ba ni, ya ce ni ta fi dacewa da ni.

Abin da na fi jin kunyarsa shi ne wanda ya biyo baya. Matarsa ta kira ni shagonta, ta rage murya ta ce, "Ƙanin miji, ka faɗa mini tsakaninka da Allah. In kun fita me yake ci?"

"Abin da kika zuba masa, shi ma ba ya cinyewa."

"To akwai inda yake zuwa. Mutum ba ya kumbura haka kawai."

Maganarta ta zauna mini, don ni ma na fara zargin haka. Na san halin mai ci a ɓoye, ni ne shugabansu. Washegari na yi sammako na laɓe bayan wata motar da aka ajiye kusa da filin makaranta. Na ga ya fito, ya yi zagayensa ashirin yana ɗingishi, ya ja tayarsa, ya zauna a kan dakali yana matsa gwiwa. Mai soya ƙwai yana nan a bakin titi, ƙamshi har inda nake. Yaya ya tashi ya nufi wajen, na ce yau na kama ɓarawo. Ya tsaya nesa kaɗan, ya yi kusan minti biyu yana kallon kaskon, sannan ya juya ya sha ruwa a famfon makaranta. Da ya ɗago muka haɗa ido.

"Ita ta aiko ka?"

Na fito daga bayan motar.

"Ba komai," in ji shi. "Ni ma da a ce wani ne, da ban yarda ba."

Ran nan har muka gama aiki bai ƙara ce mini komai ba sai "bokiti" da "ja".

A lokacin tef ya kai arba'in da ɗaya. Shiga tanki ta zama dambe. Ya koma cire riga, ya shafa sabulu a ciki da ƙugu, ya saki numfashi har idonsa ya yi ja, sannan ya sulale da ƙyar. Ya daina karyawa in muna da tsohon tanki. Sau biyu na ce mu riƙa karɓar na roba kawai, ya ce na roba ai ko ni zan iya, me zai sa a kira shi.

Ranar da abin ya faru muna kan wani bene mai hawa huɗu, da hantsi. Ya shiga da ƙyar kamar kullum, ya yi aikinsa tsaf, ya miƙo bokiti na ƙarshe. Wajen fitowa hannu ya fito, kai ya fito, kafaɗa da ƙirji suka fito, ciki ya ce bai san zancen ba. Ya yi sama ya ƙi, ya yi ƙasa ya ƙi. Ƙafafunsa suna lilo a ciki ba abin takawa. Na kama shi ta hammata na ja, ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Rana ta fara dukan ƙarfen. Na tsiyaya masa sauran ruwan sabulu, a banza. Mai kula da benen ya hawo, matan da ke shanya a rufin suka matso, wata ta koma ta kawo man girki a kofi. Kafin wani lokaci mutum ya kai goma sha biyar a kanmu, kowa da shawararsa, wani har ya ɗaga waya zai ɗauki hoto sai da na yi masa tsawa. Yaya ya rufe ido kawai. Mutum uku muka taru muka ja shi, ya fito, amma bakin tankin ya tafi da fatar cikinsa ta gefe biyu. Jini ya ƙi tsayawa, muka sa shi a mota sai babban asibiti.

Likitar da ta duba shi ba ta fi sa'ar babbar 'yarsa da yawa ba, har na fara raina ta a raina. Ta wanke ciwon, ta ce fatarsa ta yi laushi kamar ta tsoho ɗan tamanin. Sai ta tsaya tana kallon wasu jajayen layuka da suka tsattsaga masa ciki, ta taɓa tudun bayan wuyansa, ta dubi siraran ƙafafunsa. Ta ce ya tsuguna ya tashi ba tare da ya dafa komai ba, ya kasa.

"Baba, ba tambayarka nake ko kana da ciwo ba," in ji ta. "Duk abin da kake haɗiya da ruwa, ko na mene ne, ko wa ya ba ka, ina so in gani."

Yaya ya dube ni. Na buɗe aljihun jaka na ciro ledar na miƙa mata. Ta juye a tafin hannu, ta duba rubutun jikin ƙwayar.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu," na ce.

"Kullum?"

"Kullum. Yanzu biyar a rana."

Ta ajiye biro. Sannan ta yi mana bayani dalla-dalla, ba faɗa. Ta ce magani ne na gaske, mai ƙarfi, yana kwantar da kumburi da ciwo, amma na 'yan kwanaki ne kuma da sanin likita. In aka daɗe a kansa yana sa jiki ya riƙe ruwa, ya tara kitse a fuska da wuya da ciki, ya cinye naman ƙafafu, ya sa yunwa, ya raunana fata da ƙashi. Ta ce ko da ganye kaɗai yake ci, ko da gudu yake daga safe har yamma, cikin nan sai ya fito. Kuma kada ya kuskura ya daina rana ɗaya, domin jikinsa ya saba har ya daina yin nasa, sai an riƙa ragewa kaɗan-kaɗan.

Shekara biyu ina kallon mutumin nan yana kwana da yunwa, ina yi masa dariya, har laɓe na yi masa, ashe abin yana cikin jakar da nake rataye da ita.

Matarsa ta iso ana cikin haka, ta ji ƙarshen bayanin. Ta ce, "Wane mara tsoron Allah ne ya ɗora ka a kan wannan abu?"

Na buɗe baki, Yaya ya riga ni. "Ni na saya da kaina. Bar maganar."

Wata bakwai aka yi ana rage maganin. Ba su yi masa daɗi ba ko kaɗan. Kasala ta rufe shi, wata rana ko wanka sai an kai masa kujera. Gwiwoyin suka dawo da ciwonsu har da na bashin baya, hoton da aka ɗauka ya nuna sun cinye, ƙashin ƙugu ma ya yi rauni. Likitar ta ce tafiya a ƙasa ba laifi, amma tsani ya manta da shi. Ya ce to, irin to ɗin da na san ba ta kai ciki ba. Ni kuma na riƙa karɓar na roba ni kaɗai, abin da aka samu in kai gidansa rabi. Masu tsofaffin tankuna suna ta kira, yana ce musu su ƙara haƙuri, ya kusa.

Cikin kuwa ya sauka, a hankali. Fuskarsa ta dawo tasa. Ranar da tef ya nuna talatin da uku, ya kira ni a waya tun ban karya ba.

"Randa, akwai wani a bene mai hawa biyar, wata uku suna jirana. Taho da kaya."

"Yaya, likita fa ta ce..."

"Likita ba ta san bakin tanki ba. Talatin da uku yana shiga har da sauran wuri."

Na san in na ƙi shi kaɗai zai tafi, don haka na je. Ya fito da rigar aikinsa wankakkiya, da buroshin ƙarfensa a hannu, wanda ya yi wa mariƙi da kansa ya naɗe da roba daidai tafinsa. Benen ba shi da na'urar hawa. Muka bi matakala, yana hutawa a kowane hawa, ni ina yi kamar ni ne na gaji. Mai kula da benen, wani dattijo da ya san mu tun da daɗewa, yana gaba da makullai yana ta murna, yana cewa ruwansu har ya fara wari.

A kan rufin, tankin yana bisa ƙafafun ƙarfe, da tsani mai mataki goma sha biyu a jikinsa. Yaya ya ajiye buroshin a gindin tsanin, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya kama ƙarfe. Ya taka na farko, ya taka na biyu. A na uku ƙafarsa ta dama ta ɗauki rawa, ina ganinta ta cikin wando. Ya yi ƙoƙarin ɗaga ta hagu, ta ƙi barin wurinta. Ya tsaya a nan, goshinsa a jikin ƙarfe, yana kallon sama inda bakin tankin yake, mataki tara tsakaninsu. Can ya sauko, ɗaya bayan ɗaya, ya kwance igiyar ya miƙo mini.

Ya ce da dattijon, "Baba, a kira mai walda ya faɗaɗa bakin. In an yi, ƙanena zai zo ya wanke muku."

Dattijon ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya tsaya rufe ƙofar rufin, mu muka fara gangarowa. A hawa na huɗu abin da na daɗe ina riƙewa ya ƙwace mini.

"Yaya, ni na jawo maka wannan. Ni na kawo su. Kuma ka hana in faɗa wa matarka."

Ya tsaya ya dafa bango. "Ranar da na roƙe ka minti biyar, ran nan aikina ya ƙare, ni na sani. Ka kawo abin da ya ƙara mini shekara biyu, na karɓa da hannuna, na haɗiya da bakina. In faɗa mata don ta daina gaishe ka? Matso in dafa ka, gangara ta fi hawa ciwo."

Na matsa ya ɗora hannu a kafaɗata, muka ci gaba da sauka, mataki ɗaya mu tsaya, mataki ɗaya mu tsaya. Sai da muka kai hawa na biyu na lura ɗaya hannun nasa ba komai.

"Yaya, buroshinka. Ka bar shi a sama. Tsaya nan in koma in ɗauko."

Ya ƙara riƙe kafaɗata.

"Bar shi," in ji shi.